Sarƙar gwal ta maza: yadda ake zaɓe, gwaji da adanawa

A shagon gwal mutum biyu ne ke kallon sarƙa ɗaya, amma ba abu ɗaya suke gani ba. Mai saye idonsa na kan ƙyalli da kauri. Mai shago idonsa na kan sikeli, yana lissafin giram nawa ne, karat nawa ne, nawa kuma zai ɗora na aiki. Duk wanda ya shiga shagon bai koyi kallon mai shago ba, shi ne ake yi wa tsada, kuma ba zai gane ba sai ranar da ya koma sayarwa.

Kafin mu shiga kasuwa akwai maganar da ba ta tsallakuwa. Ga Musulmi namiji, sanya gwal haramun ne. Hadisin Sayyidina Aliyu sananne ne: Annabi (SAW) ya riƙe alhariri a hannun dama, zinare a hagu, ya ce waɗannan biyu haramun ne ga mazan al'ummarsa. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito shi. Wasu samari na cewa ai karat 14 ba gwal zalla ba ne, amma fiye da rabinsa gwal ne, kuma malamai ba su karɓi wannan dabara ba. Ko ta azurfa ce, malamai da yawa sun hana namiji rataya sarƙa a wuya saboda kamanceceniya da mata. Zoben azurfa ne aka yarda da shi ba gardama. To wa nake yi wa wannan bayani? Masu jin Hausa ba Musulmi kaɗai ba ne, akwai Kiristoci da yawa daga Jos zuwa Kumasi da ke sanya sarƙa. Akwai ɗan kasuwar da ake yi wa saƙo daga Dubai. Akwai kuma magidancin da ke sayen sarƙa mai nauyi ya ba uwargida, don ado da ajiya gaba ɗaya, domin ƙirar maza mai kaurin gaɓoɓi mata ma sun rungume ta. Lissafin duk ɗaya ne.

Mataki na farko: san karat kafin ka san farashi

Gwal zalla shi ne karat 24. Yana da taushi, har da haƙori ana iya yi masa shaida, shi ya sa ba a cika yin sarƙar yau da kullum da shi ba. Ana gauraya shi da jan ƙarfe da azurfa da zink don ya yi ƙarfi. Karat yana gaya maka kashi nawa cikin 24 ne gwal. Lambar da ake bugawa a jikin sarƙa kuma tana faɗin kashi nawa ne cikin 1,000:

999 shi ne karat 24. 916 karat 22. 875 karat 21. 750 karat 18. 585 karat 14. 417 karat 10. 375 karat 9.

Ka haddace waɗannan, sun fi duk wani daɗin bakin mai shago. Abin da ake kira gwal ɗan Saudiyya yawanci karat 21 ne, ɗan Indiya karat 22, ɗan Italiya kuwa 18, a Amurka 14 da 10 suka fi yawa. A Dubai za ka sami kusan kowanne. Sunan ƙasa ba shi ne darajar gwal ba. Giram ɗaya na karat 18 daga Italiya da giram ɗaya na karat 18 daga hannun maƙerin fari a Kano, gwal ɗin cikinsu daidai yake idan dukansu sun cika. Bambancin yana wajen ƙira.

Wanne ya dace? In sarƙar za ta zauna a wuya kullum, tana shan zufa da gogayyar riga, karat 18 ne na fi yarda da shi: yana da launi mai kyau, gaɓoɓinsa ba sa saurin cinyewa. In ajiya ce ta fi ƙarfi a zuciyarka, ɗauki 21 ko 22, domin su ne masu gwal na kasuwanninmu suka fi karɓa da sauri, kuma kuɗin aikinsu bai cika yawa ba. Karat 14 ya fi su duka juriya, sai dai launinsa ya ɗan kwanta, kuma a nan gida za ka sha wahalar samun wanda zai saye shi da daraja. Karat 9 da 10 kuwa ƙarfen cikinsu ya fi gwal ɗin yawa. Kada wani ya sayar maka da su da farashin gwal na ƙwarai.

Akwai haruffan da in ka gan su kusa da lamba sai ka ajiye sarƙar: GP, GEP, HGE, RGP, GF. Dukansu na nufin wani ƙarfe ne a ciki aka lulluɓe shi da gwal. GF ta fi sauran kauri, a ƙa'idar Amurka gwal ɗin ya kai kashi ɗaya cikin 20 na nauyin, amma duk da haka ba sarƙar gwal ba ce. Wanda 'yan kasuwa ke kira GL ma dangin nan ne. In ka ga 925 a jikin sarƙa mai launin gwal, azurfa ce aka yi wa wanka da ruwan gwal. Ba laifi ba ne saye in an gaya maka gaskiya, laifin shi ne a karɓi kuɗin gwal.

Mataki na biyu: ƙirar gaɓoɓi

Sarƙa ba ta tsinkewa a ko'ina sai a gaɓa mafi rauni ko wajen maƙulli, don haka ƙira ba maganar kyau kaɗai ba ce.

Wadda ta fi tashe ita ce Kuban, wadda ta yi suna a birnin Miyami na Amurka kafin mawaƙa da 'yan ƙwallo su yaɗa ta duniya. Zobbanta masu kauri ne, an murɗa su an goge fuskarsu, sun matsu da juna har sarƙar tana kwanciya a ƙirji shimfiɗe. Tana da ƙarfi sosai, tana kuma cin gwal, shi ya sa ko gajera ce sai ka ji nauyinta a aljihu. Figaro ta Italiya ce: ƙananan zobba biyu ko uku, sai dogo ɗaya, a maimaita. Ta fi Kuban sauƙin nauyi a kauri ɗaya, kuma gyaranta ba wuya. Akwai mai kama da sarƙar jirgin ruwa, wadda kowane zobe ke da sanda a tsakiya. Ita ma jaruma ce. Faranko tana da kusurwa huɗu, saƙarta a matse, ba ta cika kama gashin ƙirji ko zaren riga ba, kuma ita ta fi dacewa da wanda zai rataya wani abu mai nauyi a jiki.

Mai murɗin igiya ta fi kowacce walƙiya, amma ga sharaɗi: in cikakkiya ce tana daɗewa, in holoƙo ce kuwa ranar da ta tsinke maƙeri zai sha wahala, kuma wurin gyaran ba ya ɓoyuwa. Wadda zan ce ka guje mata gaba ɗaya ita ce shimfiɗaɗɗiyar nan mai santsi kamar bayan maciji. Tana da kyau a cikin gilashin shago. Kwana ɗaya ka yi barci da ita ta lanƙwashe, shi ke nan, ba ta komawa daidai.

Yanzu ga babbar tambayar da za ka yi wa mai shago kai tsaye: "Alhaji, cikakkiya ce ko holoƙo?" Holoƙo ita ce wadda zobbanta bututu ne, cikinsu iska. Gwal ce ta gaske, lambar jikinta ba ƙarya ba ce, amma bangon zoben siriri ne kamar takarda. Tana ba ka kaurin sarƙar giram 60 da nauyin da bai kai rabin haka ba, shi ya sa samari ke rububinta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Holoƙo tana lotsewa in an danne ta, lotsewar ba ta fita, wutar liƙi kuma na iya narkar da ita a hannun maƙerin da bai ƙware ba. Sabulu da datti suna shiga cikinta su zauna, har su ƙara mata nauyin da mai saye zai cire maka ranar sayarwa. Shawarata ba ta canzawa: siririya cikakkiya ta fi ƙatuwar holoƙo, ko da kuɗinsu ɗaya.

Ka ɗauki gilashin ƙara girma, kowane mai gwal yana da shi, ka duba zobba ɗaya bayan ɗaya. Kowane zobe ya kamata bakinsa ya zama a liƙe, ba a matse kawai ba. Ka riƙe sarƙar ta gefe ɗaya ta sauko tsaye. Kuban mai kyau za ta sauko miƙe, ba ta murɗewa. In ta juya kamar igiyar guga, ƙirar ba ta daidaita ba, kuma haka za ta riƙa juyawa a wuya.

Mataki na uku: tsawo, kauri da maƙulli

Ana auna tsawo da inci ko santimita. Inci 18, wato kamar santimita 45, tana matse wuyan yawancin maza. Inci 20 tana sauka kan ƙashin wuya. Inci 22 zuwa 24, santimita 55 zuwa 60, ita ce ta yawancin mutane, tana sauka saman ƙirji, tana ɓuya a cikin riga in an so. Inci 30 ta masu son a gani ce. Kada ka yi ƙiyasi: ɗauki zare ka zagaya wuya zuwa inda kake so ta tsaya, ka auna zaren. Sarƙa mai kauri tana cin tsawo, don haka in ta wuce milimita 8 ka ƙara inci ɗaya ko biyu.

Kauri daga milimita 3 zuwa 5 ya isa na kullum. Daga 6 zuwa 8 ana ganinta daga nesa. Abin da ya haura 10 kuwa sanarwa ce. Ka sani nauyi ba ya tafiya daidai da kauri: in ka ninka kaurin cikakkiyar sarƙa sau biyu, nauyinta kan kusan ninka sau huɗu, kuɗinta ma haka.

Maƙulli shi ne abin da masu saye ba sa dubawa, shi ne kuma ke zubar da sarƙa a kasuwa. Ɗan ƙaramin zoben nan mai sifirin na siraran sarƙoƙi ne, bai dace da mai nauyi ba. Mai kama da ƙugiyar ƙaguwa ya fi shi ƙarfi, ya isa ga matsakaiciya. Ga Kuban mai nauyi, nemi maƙullin akwati, wanda harshe ke shiga ciki ya yi ƙara, da ƙarin maɗauri ɗaya ko biyu a gefe. Buɗe ka rufe sau biyar a gaban mai shago. Sannan ka duba ɗan zoben da ya haɗa maƙullin da sarƙar. Sau da yawa shi ne ake bari a buɗe ba liƙi. In haka yake, ka ce a liƙe shi kafin ka biya.

Mataki na huɗu: lissafin kuɗi

A nan ne ake cin mutane, don haka bari mu zauna.

Farashin gwal na duniya ana faɗinsa da dala a kan oza ɗaya, ozar gwal kuwa giram 31.1 ce. Ya haura dala 2,000 a karon farko a Agustan 2020, ya haura 3,000 a Maris 2025, ya kuma haura 4,000 a Oktoban shekarar. Abin da ke motsi haka ba a dogara da farashin da aboki ya gaya maka watan jiya. Da safiyar ranar da za ka saya ka duba a waya, ka raba da 31.1, ka sami farashin giram ɗaya na karat 24, ka juya shi zuwa naira ko sefa ko sidi da canjin ranar. Wasu 'yan Indiya da Pakistan a Dubai suna magana da tola. Tola ɗaya giram 11.66 ce.

Ga misali, da lambobin da na ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce giram ɗin karat 24 naira 200,000 ne. Sarƙar da ke gabanka karat 18 ce, giram 30. Gwal zalla da ke cikinta shi ne 30 sau 0.750, wato giram 22.5. Kuɗinsa naira 4,500,000. In mai shago ya ce 5,400,000, to ka san naira 900,000 kuɗin aiki ne da riba, kashi 20 cikin 100 a kan gwal ɗin. Wannan 900,000 ita ce fagen cinikinku. Gwal ɗin kansa ba wanda zai rage maka, in ma ka ga an rage ƙasa da farashin duniya, to ka tashi, araha ba ta ado. Amma kuɗin aiki ana taya shi kamar yadda ake taya shadda. Kuma shi ne kuɗin da ba zai dawo ba: ranar da ka kawo sarƙar sayarwa, sikeli kawai za a ɗora ta, ba wanda zai biya ka ƙira.

Shi ya sa nake cewa a tambayi abu uku a rarrabe: nauyi, farashin giram, kuɗin aiki. Mai shagon da ya ce "kuɗinta kaza ne kawai" ya ƙi rarrabewa, akwai abin da yake ɓoyewa. A kasuwar gwal ta Deira a Dubai farashin giram na kowane karat yana rubuce a allo ana sabunta shi, don haka aiki kaɗai ake ciniki. Ka tuna da harajin kaya: kashi 5 cikin 100 a Dubai tun 2018, wanda baƙo ke iya neman a mayar masa da mafi yawansa a filin jirgi in shagon na cikin tsarin, da kashi 15 a Saudiyya tun 2020. Alhazai da yawa ba sa saka wannan a lissafi sai sun ga rasit.

In sarƙar na da duwatsu, a cire nauyinsu daga lissafi. Kada ka sayi gilashi da farashin gwal. Wannan ma ba sabon abu ba ne: a Sahihu Muslim, Fadala ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya ranar Khaibar da dinari 12, da ya rarrabe duwatsun sai ya tarar gwal ɗin ya fi dinari 12, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar da irinsa sai an rarrabe. Daga wannan babin ne hukuncin musaya ya fito: gwal da gwal sai nauyi daidai, hannu da hannu. Mai son canza tsohuwar sarƙa da sabuwa, hanyar da malamai suka nuna ita ce ya sayar da tsohuwar ya karɓi kuɗinsa, sannan ya sayi sabuwar. Haka nan mafi yawansu ba su yarda da sayen gwal bashi ba.

Mataki na biyar: gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Lamba a jikin maƙulli ba hujja ba ce, ƙarfen buga 750 kowa na iya mallaka. Wani lokaci ma maƙullin na gwal ne, sarƙar ba gwal ba.

Fara da hatimi. Kayan Italiya na gaske suna ɗauke da tauraro da lambar masana'anta da haruffa biyu na lardi, kamar AR na Arezzo ko VI na Vicenza, garuruwan da suka shahara da ƙirar sarƙa. Na Birtaniya suna da tambarin ofishin gwaji: kan damisa na Landan, ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham, fure na Sheffield, ginin fada mai hasumiya na Edinburgh. Na Indiya tun 2021 suna da tambarin BIS, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar, da lamba mai harafi shida. Ganin waɗannan yana ƙara natsuwa, amma bai isa ba.

Sai maganaɗisu mai ƙarfi. Gwal ba ya binsa. In jikin sarƙar ya motsa, magana ta ƙare. In maƙulli ne kaɗai ya ɗan ja, ba komai, sifirin ɗin ciki na ƙarfe ne. Sai dai tagulla da jan ƙarfe ma ba sa bin maganaɗisu, don haka wannan gwaji jabun banza kawai yake kamawa.

Gwajin da na fi so shi ne na ruwa, domin yana leƙa cikin sarƙar ba fatarta ba, kuma kana iya yinsa a gida da ƙaramin sikeli mai nuna 0.01. Auna sarƙar a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure sarƙar da siririn zare, ka nutsar da ita gaba ɗaya, tana lilo, ba ta taɓa ƙasa ko gefen kofin ba. Girgiza ta kaɗan kumfan iska ya fita. Rubuta abin da sikeli ya nuna. Raba nauyin farko da na biyu. Gwal zalla yana ba da 19.3. Karat 22 wajen 17.7, karat 18 tsakanin 15 da 16, karat 14 wajen 13. Azurfa 10.5, tagulla wajen 8.5. Misali, sarƙa mai giram 46.5 da ta nuna 3.0 a ruwa ta ba da 15.5, ta yi daidai da karat 18. In ta nuna 5.5, amsar 8.5 ce, tagulla aka yi wa wanka. Gwajin ba ya aiki a kan holoƙo saboda iskar cikinta, amma wannan ma amfani ne: in an rantse maka cikakkiya ce, lamba ta fito ƙasa sosai, to ɗayan biyu ne, ko ba cikakkiya ba ce ko ba gwal ba ce.

Masu gwal na kasuwa suna goga sarƙa a baƙin dutse su ɗiga asid a kan zanen. In zanen ya tsaya, karat ɗin ya cika. In ya ɓace, bai kai ba. Ka ce a goga a wurare biyu ko uku da kai ka zaɓa, har da tsakiyar sarƙar, a kuma goga da ɗan zurfi don a wuce rufin sama. Kada ka yi wannan da kanka a gida, asid ɗin yana ƙona fata. Manyan shaguna suna da na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa a 'yan daƙiƙu. Tana da kyau, amma sama-sama take karantawa, rufi mai kauri na iya ruɗinta. Haɗa ta da gwajin ruwa.

Abu mafi sauƙi kuma: kai sarƙar wani shago dabam ka ce sayarwa za ka yi. Wanda zai fitar da kuɗinsa ba ya wasa da gwaji. Ka yi yarjejeniya da mai sayarwa tun farko cewa in ba ta cika ba za ka dawo da ita. Rasit ya ƙunshi karat, nauyi, tsawo, farashin giram, kwanan wata da hatimin shago. Ɗauki hoton sarƙar a kan sikeli lambar na nunawa, ka ajiye tare da hoton rasit ɗin. Mai tafiya ƙasar waje ya riƙe rasit a jikinsa saboda jami'an kwastan.

Sayen gwal a Instagram ko WhatsApp daga wanda ba shi da shago, ban ba ka shawara ba. Sayen na hannu a bakin titi daga wanda ya ce matsuwa ce ta sa shi, wannan ko jabu ne ko na sata.

Mataki na shida: zama da ita

Gwal ba ya tsatsa, amma yana da maƙiya. Na farko kilorin, wanda ke cikin ruwan wanki irin Hypo da Jik da kuma ruwan wurin iyo na otal. Ba gwal ɗin yake ci ba, ƙarafan da aka gauraya da wuraren liƙi yake raunanawa a hankali, sai wata rana sarƙar ta tsinke ba tare da an ja ta ba. Na biyu zaiba. Ɗigo ɗaya daga fasasshen ma'aunin zafin jiki yana mayar da gwal fari ya sa shi gautsi. Wasu mayukan bilicin na ɗauke da zaiba, to a yi nesa da su. In hakan ta faru kada ka ƙona sarƙar a gida don zaibar ta fita, hayaƙinta guba ne. Kai wa maƙeri.

Na uku ƙura. Gwal yana da taushi, yashin da ke cikin ƙurar hunturu ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. In ka goge sarƙa mai ƙura da busasshen ƙyalle, karce ta kake yi da hannunka. A ɗauraye tukuna, sannan a goge.

Turare da man shafawa su riga sarƙa hawa jiki, su bushe, sannan a sa ta. A cire ta kafin barci, kafin ƙwallo ko ɗaga ƙarfe, kafin aikin inji. Mai aiki kusa da injin niƙa ko janareta ko batirin mota kada ya bar sarƙa na lilo a wuyansa, wannan maganar rai ce ba ta gwal ba. Haka a cunkoson kasuwa ko a kan babur, a tura ta cikin riga. Sarƙa mai ƙarfin da ba ta tsinkewa, in ɓarawo ya fizga, wuya ne ke biya.

Wanki sau ɗaya a wata ya isa ga mai sawa kullum. Zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a roba, ka ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan. Jiƙa sarƙar minti 15. Ɗauki buroshin haƙori mai laushi, irin na yara, ka bi tsakanin gaɓoɓi inda zufa da mai ke taruwa. Ɗauraye a wata robar, ba a bakin famfo ko rariya ba, sarƙoƙi da yawa sun tafi ta nan. Shanya ta a kan tawul ta bushe sarai, musamman maƙulli saboda sifirin ɗin ciki na iya tsatsa. Sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Ban da man goge baki, ban da toka, ban da omo, ban da soson ƙarfe. Suna sa ƙyalli na yini ɗaya, suna kankare gwal na har abada.

In ka ga wuyanka ya yi baƙi ko kore, ba lallai jabu ba ce. Ƙananan karat suna yin haka da zufa mai gishiri. In kuwa ƙaiƙayi ne da ƙuraje, musamman da farin gwal, wataƙila nikel ne a cikin gaurayen. Farin gwal kuma rufin wani farin ƙarfe mai suna rodiyom ne ke ba shi haskensa, yana gogewa da lokaci, sai an sake.

Wajen ajiya, kowace sarƙa da jakarta ta ƙyalle mai laushi, maƙulli a rufe. In ka zuba su wuri ɗaya da zobba da agogo, za su karce juna su harɗe. Siririya in za a yi tafiya, zura ta cikin tsinken shan lemo ka rufe maƙullin, ba za ta ƙulle ba. In ta riga ta ƙulle, kada ka ja. Shimfiɗa ta a faranti, ɗiga man zaitun kaɗan a ƙullin, ka warware da allura biyu, sannan ka wanke.

Sau ɗaya a shekara ka kai ta wurin maƙeri ya duba. Wurin da zobba ke gogar juna yana sirancewa, ya fi yawa kusa da maƙulli da inda abin ratayawa ke zama. Gyaran zobe ɗaya kafin ya tsinke ya fi neman sarƙa a cikin Keke Napep. A auna ta a gabanka kafin ka bari, a rubuta, a sake aunawa in ka zo karɓa. Ka ce a yi liƙi da gwal mai karat ɗinta, ba da dalma ba, domin dalma na ɓata gwal. Kada ka yawaita kai ta gugar inji. Kowace guga tana tafiya da ɗan gwal.

Mataki na bakwai: zakka da ranar sayarwa

Nisabin gwal miskali 20 ne, wanda aka ƙiyasta da giram 85, ana fitar da ɗaya cikin 40 in shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba su da zakka, amma gwal ɗin da aka saya don ajiya ko kasuwanci, ko wanda namiji ya mallaka don kansa, yana da ita. Malamai da yawa suna lissafi da gwal zalla da ke ciki: sarƙar karat 18 mai giram 120 tana da giram 90, ta haura nisabi. Ana kuma haɗa shi da kuɗin da mutum ke da su, don haka ka zauna da malaminka da rasit a hannu.

In sayarwa ta kama, wanke sarƙar ta bushe, ka auna a gida, ka yi lissafin nan na mataki na huɗu da farashin ranar. Zagaya shago uku aƙalla, ko a Sabon Gari ta Kano kake ko a kasuwar Wuse ta Abuja, kada ka nuna gaggawa. Fara da shagon da ka saya, da rasit ɗinsu, domin sukan fi ba da farashi mai kyau a kan kayansu. Ka tsaya sikeli ya nuna sifiri kafin a ɗora, ka sa ido a kan lambar, sarƙar kuma kada ta shiga bayan teburin mai shago ko ɗakin ciki sai kun gama magana kuɗi sun shigo.